Albashin Yamai Ba Zai Riƙe Mai Allurar Barci a Arlit Ba

Ɗakin tiyata ba ya buɗuwa da likitan fiɗa shi kaɗai. Ko da wuƙa na hannunsa, fitila na ci, jini na cikin firij, sai an samu wanda zai kashe wa majiyyaci jiki ko ya sa shi barci, ya tsaya a kansa yana lura da numfashi da bugun zuciya har a ɗinke. A Nijar wannan aiki ya fi faɗawa hannun ma'aikatan jinya da suka ƙara karatu na musamman, waɗanda takardun gwamnati ke kira techniciens supérieurs en anesthésie-réanimation, jama'a kuma ke ce musu masu allurar barci. Likitocin da suka ƙware a fannin ƙalilan ne, akasarinsu kuma suna manyan asibitocin Yamai. Saboda haka zancen nawa ake biyan mai allurar barci a Arlit da nawa ake biyan takwaransa a babban birni ya wuce zancen aljihun ma'aikaci. Shi ne ke yanke hukunci a kan matar da naƙuda ta gardame mata a Akokan da tsakar dare: ko a yi mata aiki a garin, ko a ɗora ta a mota a nufi Agadez, tafiyar kusan kilomita 240 a kan hanyar da kwaltarta ta daɗe da cinyewa. Ra'ayina shi ne albashi iri ɗaya daga Gaya har Bilma, wanda ake ɗauka adalci, shi ne ke kwashe masu wannan aiki daga arewa, kuma ƙarin kuɗin da zai riƙe su wajibi ne ya fito daga baitulmali, a ɗaura shi a kan wurin aikin, maimakon a bar shi ga sa'ar kamfanin haƙar ma'adinai.

A takarda babu bambanci. Dokar aikin gwamnati ta 2007 ta kasa ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni da matakansa, kowane mataki da lambar da ake lissafa albashi da ita. Mutum biyu da suka fito aji ɗaya aka ɗauke su rana ɗaya, albashinsu na tushe ɗaya ne, ko da an ajiye ɗaya a Maternité Issaka Gazoby an tura ɗayan asibitin gundumar Arlit. Akwai ɗan alawus na yankin hamada, amma da ya isa da ba a ga ma'aikata suna rububin neman canjin wuri zuwa kudu ba. Bambancin na gaskiya yana fitowa ne bayan kuɗi ya shiga hannu. Arlit ba ya noma abin da yake ci. Gero da dawa da wake daga kudu ake hauro da su ta hanyar Tawa, kowane rami a hanyar kuwa a kan farashin tiya yake ƙarewa. Gaskiya ne taliya da madarar gari da man fetur na Aljeriya kan yi araha a can idan iyaka na tafiya daidai, sai dai wannan araha ce da ba a gina lissafin wata a kanta. Sannan ga kuɗin nisa. Ma'aikacin da ya bar iyalinsa a Yamai ko Dosso saboda makarantar yara yana riƙe da gida biyu da albashi ɗaya, kuma tsakaninsa da su akwai kusan kilomita 1,200. Rasuwa ɗaya ko suna ɗaya a dangi ya isa ya haɗiye abin da ya tara.

Abin da na Yamai ke samu bayan albashi ya fi wannan nauyi. A babban birni asibitocin kuɗi na yin tiyata, kuma kowace tiyata na buƙatar mai sa barci, don haka wanda ya tashi daga aikin gwamnati yana iya kama wani aikin da yamma ko ranar hutu a biya shi. A can ake yawan yin tarukan ƙara wa juna sani masu kuɗin zama. A can ma'aikatar lafiya take, inda ake bin takardar ƙarin girma da ta komawa karatu, kuma kowa ya san takardar da mai ita ke leƙa ta kullum ta fi saurin tafiya a kan wadda aka aiko daga Aïr. Shi kuwa na Arlit, abin da ya fi na Yamai da shi nauyin aiki ne. A babban asibiti masu sa barci suna da yawa, ana karɓa-karɓar kwana, akwai babban likita da za a kira idan abu ya rikice. A asibitin gunduma mai nisa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da fannin, wayarsu a kunne dare da rana, kuma ranar da ɗaya ya tafi hutu ɗayan ba shi da sauran barci. Idan aka raba albashin a kan awannin da mutum ke ɗaure da asibiti, na arewa ne ake biya mafi ƙaranci. Ba a ma zo kan ƴan kwantiragi ba, waɗanda ɗan abin da ake ba su bai kai albashi ba, ga shi yakan makara.

Ya kamata mai karatu ya ga abin da ake biya ɗin da idonsa. Idan za a ciro jariri, ana zaunar da matar a bakin gado, ta sunkuyar da kai ta lanƙwasa baya. Mai allurar ya laluba da yatsa tsakanin ƙasusuwan ƙasan gadon baya, ya soka siririyar allura har ruwa garai-garai ya ɗigo, sannan ya tura maganin da bai cika ƙaramin cokali ba. Cikin mintuna kaɗan ƙafafu sun mutu, likita ya fara aiki. A daidai nan hatsarin yake, domin awon jini kan faɗi farat ɗaya, sai an riga an tanadi ƙarin ruwa da allurar ɗaga shi. Idan maganin ya haura sama ya taɓa numfashi, dole ya zura bututu a maƙogwaro ya riƙa matsa jakar iska da hannu, alhali na'urar iskar na dogara da wutar da ka iya ɗaukewa. Jariri ya fito bai yi kuka ba, sau da yawa shi ɗin dai ake juyowa a kalla. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 25, ya nuna majiyyatan nahiyar sun ninka na sauran duniya sau biyu wajen mutuwa bayan tiyata, duk da sun fi su ƙuruciya. Wani ɓangare na binciken da ya fito a 2019 ya nuna mutuwar uwa bayan aikin ciro jariri ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Nijar ta mayar da wannan aiki kyauta tun 2005, ta kuma horas da likitocin gama-gari su iya tiyatar gaggawa a asibitocin gunduma, matakai biyu da suka cancanci yabo. To amma ba girin-girin ba, ta yi mai: aikin kyauta a ɗakin da babu mai sa barci bai ceci kowa ba.

Abin da ya bambanta Arlit da sauran garuruwan nesa shi ne an daɗe ana biyan albashi kashi biyu a cikinsa. Yuraniyom ne ya kafa garin. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da tama a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978 da rami na ƙarƙashin ƙasa, aka gina mata Akokan a gefe. Kowane kamfani ya gina asibitinsa, ya ɗauki ma'aikatan lafiya bisa tsarin biyan kamfani, tare da gida da ruwa da wutar da ke zuwa daga kwal ɗin SONICHAR a Tchirozérine. Shekaru da dama asibitocin nan biyu suna cikin mafi kayan aiki a arewacin ƙasar, mutanen gari ma suna zuwa. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, hamada ba ta hana ƙwararre zama idan an biya shi an kuma ba shi wurin kwana mai kyau. Masu cewa ba wanda zai yarda ya zauna a can sai su dubi tarihin garin. Na biyu, bambancin albashi a Nijar ya fi bin mai biya a kan bin yanki. Tazarar da ke tsakanin ma'aikacin asibitin kamfani da na asibitin gwamnati, waɗanda ke cefane a kasuwa ɗaya, ta fi wadda dokar albashi ta sa tsakanin Arlit da Yamai. Ƙungiyoyin agaji na waje da ke aiki a jihar Agadez sun ƙara kashi na uku. Duk wanda ya fi biya shi ke ɗaukar gwani, asibitin talakawa kuma ya zama wurin koyon hannu kafin a samu mafita. Akwai ma wata illa ta dabam da ƙungiyoyin garin irin su Aghir in'Man suka daɗe suna kuka a kai, wato wuyar da ke akwai ma'aikacin lafiya ya faɗi gaskiyar ciwon da aikin haƙa ya haifar alhali kamfanin haƙar ne ke biyansa.

Babban aibin wannan tsari shi ne ƙarin albashin yana rataye a wuyan farashin tama. Bayan hatsarin Fukushima a 2011 farashin yuraniyom ya faɗi warwas. A 2014 aka jingine aikin mahaƙar Imouraren da aka ɗora wa buri mai yawa, mahaƙar Azelik ta ƴan Sin da ke yankin Ingall ita ma ta tsaya. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe saboda tamarta ta ƙare, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki ban da na ƴan kwangila, kuma cikin shirin rufewar har da miƙa asibitin Akokan ga gwamnati. Gini da injuna ana miƙa su da sa hannu a takarda, amma ma'aikacin da ya saba da albashin kamfani ba ya zama a kan albashin gwamnati don kawai an canza allon ƙofa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, fitar da tamar SOMAIR ta tsaya, dangantaka da Orano, kamfanin Faransa da ke tafiyar da mahaƙar, ta lalace, aka karɓe lasisin Imouraren a Yunin 2024, sannan a Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAIR mallakin ƙasa. Wani zai ce ai shi ke nan, tunda mahaƙa ta dawo hannun ƴan ƙasa lafiyar garin ma ta dawo. Tsugune ba ta ƙare ba. Abin da ya canza shi ne yanzu gwamnati ce ke tsaye a bayan albashin biyu, don haka tazarar da ke tsakanin asibitocin garin ta zama tata, ba ta da wanda za ta ɗora wa. Tama kuwa ko a hannun wa take ranar ƙarewarta na zuwa, mata kuma ba za su daina haihuwa a Arlit ba ranar da ta ƙare.

Biyan ma'aikaci gwargwadon wuyar wurinsa ba baƙon abu ba ne. A Amurka ma'aikatan jinya masu sa barci suna cikin mafi albashi a aikin jinya, matsakaicinsu ya haura dalar Amurka 200,000 a shekara a ƙididdigar 2023, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkara, waɗanda kan ƙara kuɗi don su jawo su, kuma tun 2001 aka bai wa jihohi damar barin su su yi aiki ba tare da sa idon likita ba. Wannan kasuwa ce, ba za mu kwafe ta ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Faransa, wadda daga gare ta muka gaji tsarin albashi na bai-ɗaya: ita kanta tana ƙara wa ma'aikatanta kashi 40 cikin 100 a Gwadalup da Martinik da Giyana, fiye da haka a tsibirin Reyuniyon. Maƙwabciyarmu Aljeriya tana biyan alawus na kudu, tana kuma gajarta wa ƙwararrun likitoci shekarun hidimar dole idan suka karɓi aiki can cikin Sahara. Senegal ta fito da shirin Cobra a 2006, inda ake tallata takamaiman guraben da ke wurare masu wuya da kwantiragi mai ɗan tsoka, aka sake buɗe ɗakunan shan magani da suka daɗe a kulle. Najeriya kuma darasi ce ta ɗaya fuskar: akwai tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS, amma tazarar da ke tsakanin albashin tarayya da na jihohi tana zuƙe ma'aikata daga asibitocin jiha zuwa na koyarwa, daga can kuma zuwa Ingila da Saudiyya.

Suka ta farko da za a yi ita ce ta daidaito. Ma'aikatan gwamnati ɗaya ne, in ji masu wannan ra'ayi, kuma da zarar an ƙara wa mai allurar barci sai ungozoma da mai awon jini da malamin makaranta su taso, ƙungiyoyin ƙwadago irin su SUSAS su ce ba su yarda a raba kan membobinsu ba. Amsar ita ce ƙarin ba na mutum ba ne, na kujera ne. Duk wanda ya karɓi gurbin Arlit ya samu, ranar da ya bar shi ya bari, kuma ƙofa a buɗe take ga na Yamai da ke ganin an fifita wani. Sharuɗɗan ma a bayyane za a rubuta su: nisan wurin daga asibiti na gaba da ke tiyata, yawan masu karɓa-karɓar kwana, tsadar rayuwa. Idan ungozomar Iferouane ta cika sharuɗɗan nan ita ma ta cancanta, ban ga laifin hakan ba. Na sa mai allurar barci a gaba ne saboda rashinsa shi kaɗai yana zaunar da likitan fiɗa da mataimakansa da duk kayan da aka kashe miliyoyi a kai.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. A ƙidayar 2012 jihar Agadez, wadda ta haura rabin faɗin ƙasar, ba ta kai mutum 500,000 ba cikin miliyan 17, alhali Damagaram da Maraɗi kowace ta haura miliyan uku. Jika ɗaya da aka kashe a Tessaoua ko Mirriah za ta taɓa mutane fiye da wadda aka kashe a Arlit. Haka ne idan ana zancen allurar rigakafi ko gidan sauro. Tiyatar gaggawa kuwa da lokaci ake auna ta. Kwamitin Lancet kan tiyata a duniya ya sa ma'auni a 2015 cewa mutum ya iya isa cikin awa biyu inda za a ciro jariri, a buɗe ciki, a gyara karayar da ƙashi ya fito. A kudu idan ɗakin tiyata ɗaya ya rufe akwai fatan kaiwa ga wani, daga Arlit kuwa babu wani gari mai tiyata sai Agadez, ga wanda ya taso daga Gougaram ko Iferouane kuma tafiyar ta ƙara tsawo. Sannan ƙidaya ba ta ƙirga duk masu buƙatar asibitin ba. Tun 2014 zinariyar Tchibarakaten ke jawo dubban matasa, masu karyewa a rami da masu hatsarin mota a hanya. Ta Assamaka ake sauke mutanen da Aljeriya ke korowa, ta Arlit suke biyowa. Da yawa daga cikin waɗannan ƴan Kantché ne da Tawa da Maraɗi, har da ƴan Kano da Katsina. Wanda ya biya mai sa barci a Arlit ɗan kudu ya biya wa.

Akwai kuma masu cewa kuɗi kaɗai ba ya riƙe mutum, kuma gaskiya suka faɗa. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ta sabunta a 2021 sun nuna sai an haɗa kuɗi da wasu abubuwa, kuma cikin waɗanda suka fi tasiri akwai ɗaukar ɗalibai daga yankin da ake son su yi aiki. Ɗan Arlit ko ɗiyar Timia da ke jin Tamajaq da Hausa, iyayensu na kusa, sun fi sauƙin zama a kan wanda aka turo daga bakin kogi yana ƙirga kwanaki. Don haka a ware wa ƴan jihar gurabe a karatun sa barci da sharaɗin dawowa. A rubuta wa wanda aka turo wa'adinsa, a cika masa alkawarin canji idan ya kammala, a ba shi fifiko wajen ƙarin karatu. Kada a ajiye mutum ɗaya tilo a fannin. Tsaro ma yana cikin lissafi, a garin da aka sace ma'aikatan kamfanonin Areva (Orano na yanzu) da Satom a Satumban 2010 aka kuma kai wa SOMAIR harin bam a Mayun 2013. Duk da haka, wannan hujja ba ta zama dalilin hana kuɗin ba. Sau da yawa masu cewa kuɗi ba shi ne komai ba, su ne ba sa kawo kuɗin ba sa kuma kawo sauran.

Saura zancen ina za a samo. Lissafin ba shi da ban tsoro, domin guraben da ake magana a kansu, a Arlit da Bilma da Tchintabaraden da N'Guigmi da makamantansu, ba su da yawa, kuma kowace mata da aka yi wa aiki a gida an huta da man motar ɗaukar marasa lafiya da lalacewarta a hanya. Dokar ma'adinai da aka gyara a 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga haƙa ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar, kuɗin da magadan gari suka sha kukan ba ya isowa a kan lokaci. Ban ga hikimar ɗora alawus na wata-wata a kansa ba, don hakan komawa ne ga dogaro da tama ta wata ƙofar. Ya fi dacewa da abin da ake yi sau ɗaya ya daɗe: gidajen ma'aikata a harabar asibiti, wutar hasken rana ga ɗakin tiyata, na'urar iska, firij na magani. Alawus ɗin kansa a sa shi cikin kasafin ƙasa, ya fito rana ɗaya da albashi.

Kira na ga Ma'aikatar Kiwon Lafiya shi ne ta fitar da jerin asibitocin gundumar da ke da ɗakin tiyata da yawan masu sa barcin da ke kowanne, ta kasa su gwargwadon nisa, ta sa wa kowane gurbi kuɗinsa a fili. Shugabannin ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya su shigar da wannan cikin buƙatunsu, ko da yawancin masu zaɓensu a Yamai suke. Hukumomin Arlit da sarakunan yankin kuma, duk lokacin da aka zauna zancen makomar SOMAIR ko sabuwar mahaƙar Dasa, su tambayi mutum nawa ne ke sa barci a asibitin gwamnati na garinsu, kuma nawa ake biyansu.